Tsine wa Waya Ba Ya Kare Yaro

'Yan'uwa, akwai wani salon wa'azi a kan matasa da waya da ya yawaita a majalisun karatu da saƙonnin murya na WhatsApp, daga Garwa har nan Figil. Mai wa'azi zai ɗaga murya ya ce TikTok ƙofar wuta ce, yaran zamani sun lalace, a ƙwace wayoyi. Iyaye su yi kabbara, a tashi. Niyyar mai kyau ce, amma muna ganin wa'azin ya gaza ta wuri biyu.

Na farko, da iyaye kaɗai yake magana. Yaron da ake zancensa yana zaune a sahun baya, ba wanda ya tambaye shi me yake kallo, wa yake masa saƙo da dare. In an ƙwace tasa, ai ta abokinsa tana nan.

Na biyu, yana ambaton zunubi, amma ba ya bayyana yadda tarkon yake. A ɗauki yarinya 'yar shekara 15 da wani baƙo ya lallaɓa a Facebook har ta tura masa hoto, sannan ya ce ta turo kuɗi ta Orange Money ko ya yaɗa shi. Tsinuwar da ta sha ji ita ce za ta hana ta faɗa wa uwarta. Sai ta biya, shi kuma gobe ya dawo. Abin da ya kamata ta ji daga bakin malam shi ne: kada ki biya, kada ki goge saƙonnin, ki gaya wa babba, a kai ƙara wurin jandarma. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun 2010, kuma a watan Yulin 2023 aka ƙara ta kare yara a intanet. Iyaye nawa ne suka taɓa jin haka a majalisi?

Ko a Kano, inda Hisba ke kama mutane, Sheikh Aminu Daurawa ya gayyaci 'yan TikTok a Nuwamban 2023 ya zauna da su gaba da gaba. To mu da ba mu da komai sai nasiha, me zai hana?

Muna roƙon malaman Islamiyyunmu su ware zama na matasa zalla, maza daban mata daban, a bar su su fara magana kafin a karanto musu hukunci. Allah ya shirya mana zuri'a.