Waƙar da Ke Tafiya a Katin Waya

Motar da ta taso daga Agadas ta bi Arlit da Assamaka, ta shiga Aljeriya ta In Guezzam, ta ratsa Tamanrasset ta wuce Outoul, ƙauyen da ke bakin titi kimanin kilomita 20 gaba da birnin, tana ɗauke da wani kaya da jami'in kwastan ba ya tambaya: waƙoƙin da ke cikin wayoyin fasinja. Tun da ƙananan wayoyi masu kati suka shigo hamada, turi ya zama kasuwar waƙa. Ana zaune ana shan shayi, wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, gobe waƙar ta kwana a wata ƙasa.

Mutanen Kano sun san wannan sana'a, don masu tura fim a waya suna cikin waɗanda suka durƙusar da cinikin faifai a Ƙofar Wambai. Sai dai a hamada hukuncin bai zo da sauƙi haka ba, domin turin bai tarar da wata kasuwa ba balle ya kashe ta.

Dubi Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon lanƙwasa murya da na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya rarraba shi. Wayoyi ne suka kai shi har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji, ya yi ta cigiyar mai muryar, ya sa waƙarsa "Tahoultine" a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya kuma biya mawaƙan da ya gano. Turi ya fitar da Mdou duniya, amma sai da aka yi cigiya. A nan ɓarnar take. Waƙa tana wucewa hannu goma, a goge sunan mai ita, a rubuta sunan gari ko a bar lamba kawai. Wanda aka raba da sunansa, ta wace ƙofa kuɗinsa za su same shi? A ganina asarar suna ta fi ta kuɗin zafi.

Doka kuwa akwai ta. Aljeriya tana da dokar haƙƙin mallaka mai lamba 03-05 ta 19 ga Yuli 2003, da hukumar ONDA mai tara wa masu fasaha haƙƙinsu. Dabara guda a cikinta ta dace da hamada: maimakon farautar mai turi, ana ɗora ɗan haraji a kan na'urorin kwafi da abin da ake kwafa a kai, a raba wa masu haƙƙi. Amma rabo sai mai rajista, kuma makaɗin da ke zango nesa da ofis, wanda waƙarsa ke yawo ba suna, ba ya cikin lissafin.

Lamarin imzad ya fi wuya. Goge ne mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki, mata ke kaɗa shi, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya, Mali da Nijar. Wa ya ƙirƙiri karin da tsohuwa ta koya daga kakarta? Dokar Aljeriya ta sa irin wannan gado a hannun ONDA, mai son cin riba da shi ya nemi izini ya biya. Ina goyon bayan haka, da sharaɗin kuɗin su dawo Dar El Imzad a Tamanrasset, inda ƙungiyar ceto imzad da aka kafa a 2003 take zaunar da tsofaffin makaɗa suna koya wa 'yan mata, kuma duk naɗin da zai fita daga can ya fita da sunan matar da ta riƙe gogen.