Yaƙin Jiya a Rigar Gobe: Tsokaci a Kan Littafin War Girls na Tochi Onyebuchi

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Tun a 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Kilba ya yi yawon sararin samaniya tare da Kolin Koliyo. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne irin labarin nan da ke hasko lalatacciyar duniyar gobe don ya ja kunnen mutanen yau. Saboda haka muka ga ya dace mu leƙa wani littafi na Ingilishi wanda aka gina a kan ƙasarmu, wato War Girls, ko mu ce 'Yan Matan Yaƙi. Tochi Onyebuchi, ɗan asalin ƙabilar Ibo haifaffen Amurka, shi ya rubuta shi domin matasa, aka buga a 2019.

2.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin ya auku ne a shekarar 2172. Sauyin yanayi da gubar nukiliya sun ɓata yawancin doron ƙasa, masu hali sun ƙaura zuwa matsugunai a sararin sama, a Nijeriya kuwa yaƙin Biyafara ya sake ɓarkewa. Taurarin su ne Onyii, mayaƙiya mai hannun ƙarfe, da ƙaramar yarinya Ify, mai kaifin basira, wadda Onyii ta riƙa a matsayin ƙanwa. Wani hari ya raba su: aka tafi da Ify Abuja, ita kuwa Onyii ta zama dodon fagen fama.

3.0 Inda Littafin Ya Yi Armashi

Babban jigon shi ne ɓarnar da yaƙi ke yi wa yara, kuma a nan marubucin ya ciri tuta. Bai wanke jarumarsa ba. Can gaba mai karatu zai gano cewa Onyii ce ta hallaka iyalin Ify kafin ta ɗauke ta. Da wannan dabara ya nuna cewa a yaƙi hannun da ya yi reno yana iya zama shi ne ya yi kisa.

Ta fuskar zubi da tsari, an jera babi-babi bi da bi, na Onyii sannan na Ify. Wannan ya tilasta wa mai karatu ya zauna da ɓangarorin biyu, ya ga cewa kowane yana da masu tausayi da kuma azzalumai. Haka nan, ɗora nauyin labarin a kan 'yan mata ya fito da waɗanda tarihin yaƙin 1967 zuwa 1970 bai cika ambata ba.

4.0 Inda Ya Yi Rauni

Rauni na farko shi ne yawan artabu. Faɗace-faɗacen manyan mutum-mutumin ƙarfe sun cinye shafuka da dama, har wani lokaci ƙarar makamai takan danne muryar taurari. Na biyu, an yi tsallaken shekaru a tsakiyar labarin, ga shi kuwa a cikin waɗannan shekaru ne halayen 'yan matan suka sauya. An nuna mana ƙarshen sauyin, ba a nuna yadda ya faru ba.

Rauni na uku shi ya fi damun mu. Labarin ya kasa Nijeriya gida biyu, kamar dai shekaru ɗari biyu ba su sauya komai ba. Ɗalibin da ke karatu a Lafiya, cikin Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani, zai yi wuya ya ga kansa a wannan taswira. Ko a yaƙin na haƙiƙa al'amarin bai zama haka ba. Janar Yakubu Gowon, wanda ya jagoranci ɓangaren tarayya, Kirista ne ɗan ƙabilar Angas daga Jihar Binuwai-Filato, jihar da Lafiya take cikinta a lokacin. A Gabas ma akwai Ijo da Efik da Ibibiyo. Matashin da bai san tarihi ba yana iya rufe littafin da fahimtar cewa rikicin na ƙabila biyu ne kawai, wannan kuwa ita ce fahimtar da ke rura wutar gaba.

5.0 Kammalawa

Duk da haka, littafin ya cancanci a karanta shi a kuma yi muhawara a kansa a aji, amma tare da littafin tarihi a gefe. Darasin da ke ciki ga marubutanmu a fili yake. Muna da ƙafewar Tafkin Chadi da gurgusowar hamada da rikicin manoma da makiyaya, dukkansu kayan gina irin wannan labari. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu hasko gobenmu da harshenmu ba, wasu za su hasko mana ita, kuma ba lalle ne mu sami kanmu a ciki ba.