Rangwamen kwabo 25: me ya sa bai raba mutane da kofin yarwa ba?

A shagunan gahawa na Birtaniya da Amurka akwai wani tayi da ya daɗe: ka zo da kofinka daga gida, a rage maka ɗan kuɗi. A ido abin ya yi kyau, kamfani ya nuna yana kishin muhalli, mai saye ya samu sauƙi. Sai dai alƙaluma ba su goyi bayan wannan tsari ba.

Matsalar da ake son magancewa ba ƙarama ba ce. A watan Janairun 2018, kwamitin binciken muhalli na Majalisar Dokokin Birtaniya ya ce ana zubar da kofunan gahawa kusan biliyan 2.5 a ƙasar duk shekara, kuma wanda ake sake sarrafawa bai kai ɗaya cikin 400 ba. Kofin takarda ne, amma an shafe cikinsa da siririyar leda don kada ya jiƙe, raba su kuwa sai masana'anta ta musamman.

Starbucks ya shafe shekaru yana rage santi 10 a Amurka, da kwabo 25 (rubu'in fam ke nan) a Birtaniya. A 2008 ya ce yana son kafin 2015 kashi 25 cikin 100 na abin shan da yake sayarwa ya zama a kofin da ake wankewa. Daga baya ya sauko da burin zuwa kashi 5, wanda shi ma bai kai ba, abin ya tsaya wajen kashi 2.

Me ya sa? Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba a zuciyar ɗan Adam, ko da adadin kuɗin ɗaya ne. Wanda bai samu rangwame ba bai ji an taɓa aljihunsa ba, ya biya farashin da ya saba. Wanda aka ce ya ƙara kuɗin kofi kuwa, nan take zai ɗaga kai. Wouter Poortinga na Jami'ar Cardiff ya gwada wannan a wuraren sayar da gahawa 12: caji a kan kofin yarwa ya ƙara yawan masu zuwa da nasu, rangwame kuwa bai sauya komai ba. Haka Tatiana Homonoff ta gani a Amurka game da ledar kasuwa, harajin santi 5 ya rage amfani da ita kusan rabi, tukwicin santi 5 kuma kamar ba a yi ba.

A ganina, a nan ne rangwamen ya cancanci suka. Yana da arha a wurin kamfani ne saboda ba ya aiki. Idan mutum biyu cikin ɗari ne ke karɓa, ɗan abin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, ga kuma suna mai kyau. Su ma mutum biyun, wataƙila da ma can masu yawo da kofinsu ne, ana ba su lada a kan abin da za su yi ko babu ladan.

Amma fa kada a ɗauka caji shi ne maganin komai. Da Starbucks ya gwada ƙarin kwabo 5 a shaguna 35 na Landan a 2018, masu zuwa da kofinsu sun tashi daga kashi 2.2 zuwa 5.8. An ninka fiye da sau biyu, gaskiya ne, amma duk da haka mutum 94 cikin 100 ba su zo da nasu ba. Ai wahalar ba ta kuɗi kaɗai ba ce: sai ka tuna da kofin da safe, ka yi ta yawo da shi da datti a jaka, ka wanke da dare. A binciken Cardiff ɗin ma, sakamako mafi kyau ya zo ne inda aka haɗa caji da raba kofuna kyauta da saƙon wayar da kai.

Kwamitin majalisar ya nemi a sa harajin kwabo 25 a kan kowane kofin yarwa. A watan Maris na shekarar gwamnati ta ƙi, ta gwammace shaguna su ci gaba da ba da rangwame bisa raɗin kansu.