Tsokaci a Kan Ma'aunan Ilimin Ma'aikatan Jinya Game da Gyambon Kwanciya

Gyambon kwanciya rauni ne da ke samuwa idan nauyin jikin majinyaci ya daɗe yana danne fata da tsoka a kan ƙashi, har jini ya kasa isa wurin. Ya fi fitowa a tsatso da diddige da kwatangwalo. Tun a 1859 Florence Nightingale ta ɗora alhakinsa a kan jinya fiye da cutar da ta kwantar da mutum, kuma wannan ra'ayi ne ya haifi ɗimbin binciken da ke auna abin da ma'aikatan jinya da ɗalibai suka sani game da rigakafinsa.

Ma'aunai biyu suka mamaye fagen. Akwai gwajin Pieper na Amurka na 1995, mai tambayoyi 47 na "gaskiya ko ƙarya", sai kuma PUKAT, wanda Dimitri Beeckman da abokan aikinsa suka samar a Jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2010, mai tambayoyi 26. An fassara su zuwa harsuna da dama, sakamakon kuma kusan kullum ɗaya ne: maki ya yi ƙasa, a ƙara horo.

Wannan kammalawa tana da rauni, kuma binciken Beeckman kansa ya nuna hakan. A nazarin da suka buga a 2011 kan asibitoci 14 na Beljiyam, matsakaicin makin ma'aikatan bai kai rabi ba, amma ba a ga alaƙa mai zaman kanta tsakanin makin da kulawar da majinyata suka samu ba. Abin da ya yi tasiri shi ne muhimmancin da ma'aikaci ya ba rigakafin. Takardar tambayoyi ba ta ƙirga ma'aikatan da ke aikin dare, ba ta kuma tambayi irin katifar da ke kan gado. Hatta ƙa'idar juya majinyaci duk bayan awa 2, wadda ɗalibai ke haddacewa, binciken Nancy Bergstrom na 2013 a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Kanada bai ga bambanci tsakaninta da awa 3 ko 4 ba, matuƙar katifar soso ce mai inganci.

Giɓin da ya fi tsanani ya shafi launin fata. Alamar matakin farko, kamar yadda littattafai suka saba koyarwa, ita ce jan da ba ya washewa idan an danna da yatsa. A baƙar fata jan nan sau da yawa ba ya bayyana. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi zafi ko sanyi fiye da kewayensa, ko ya taurara, ko majinyaci ya ce yana masa ciwo. Hannu ke gano shi kafin ido. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2019 sun yi nuni da wannan, kuma Neesha Oozageer Gunowa ta nuna cewa koyarwar jinya a Ingila ta fi karkata ga farar fata, alhali masu duhun fata an fi gano gyambonsu bayan ya yi zurfi. Ke nan ɗaliba za ta iya cin maki mai yawa a gwaji, ta tsaya a kan dattijo Bahaushe a asibitin Landan ko Jidda tana neman ja, ba ta gani ba, ta rubuta cewa fata lafiya lau.

Ba a hana ma'aunan nan yabonsu: suna fallasa tsofaffin kurakurai, kamar yi wa wurin da ya fara lalacewa tausa, ko ɗora majinyaci a kan matashi mai rami a tsaka. Sai dai duk mai niyyar fassara su zuwa Hausa zai fara da tambayar abin da kalmar "ja" za ta nufa a jikin majinyatan da za a duba.