Charly García da Al'adar Habaici a Kiɗan Rok na Ajantina

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, saurayin da ya rataya jita a birnin Buenos Aires hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya rera da Turanci, kamar yadda Los Shakers na Yurugwai suka yi suna bin sawun Beatles har aski da sutura, ko kuma ya ɗauko waƙar Amurka ya ɗinka mata baitocin Sifaniyanci, irin aikin Los Teen Tops na Meziko. Tsara waƙar rok tun daga tushe da harshen gida, a kan damuwar gida, kamfanonin faifai kallon ƙauyanci suke yi masa. Ƙungiyar Los Gatos ce ta karya wannan camfi a 1967 da waƙarta "La balsa", wadda aka sayi faifanta sama da 200,000. Almendra ta Luis Alberto Spinetta da Manal suka biyo baya. Duk wannan ya faru ne a zamanin Janar Onganía, wanda ya ƙwace mulki a 1966, lokacin da 'yan sanda ke kama samari masu dogon gashi su kai su caji ofis su aske musu kai. Tun ran suna, ke nan, wannan kiɗa da 'yan ƙasar ke kira rock nacional ya tashi da idon hukuma a kansa, kuma hakan ya shiga cikin yadda yake magana.

Babu wanda tarihinsa ya fi nuna wannan kamar Carlos Alberto García Moreno, wanda duniya ta sani da Charly García. An haife shi a Buenos Aires ranar 23 ga Oktoba 1951, a gidan masu rufin asiri. Piyano aka zaunar da shi a gabansa tun yana ƙarami, ya sha Chopin da Bach, yana da shekara 12 ya karɓi takardar shaidar malamin piyano. Allah ya ba shi kunnen da ke gane kowane sauti da jinsa kawai. Sai ya ji Beatles, karatun gargajiya ya watse. Amma horon bai bar yatsunsa ba, kuma shi ya bambanta shi da tsararrakinsa da suka koyi jita a bakin titi: waƙar Charly, ko ta hauka ce, ginanniya ce, ana jin inda aka sa tubali da inda aka bar ƙofa.

Ƙungiyarsa ta farko da ta yi suna, Sui Generis, shi da abokin karatunsa na sakandare Nito Mestre suka kafa ta. Piyano, sarewa, jita mara lantarki, da murya biyu masu laushi. Faifansu na farko, Vida, ya fito a 1972. Tsofaffin hannu a harkar sun raina su, suna ganin kiɗan yara ne. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, domin yaran ne suka saya, kuma ta nan rok ya fita daga ɗakunan 'yan tsiraru ya shiga ajin sakandare da zangon 'yan makaranta, ya samu 'yan mata masu sauraro da yawan da bai taɓa samu ba.

Darasin farko a kan takunkumi ya zo a 1974, a faifansu na uku, wanda Charly ya tsara don sukar manyan ginshiƙan al'umma: soja, 'yan sanda, kotu, aure, da masu tace fina-finai. Kafin ya fito sai da aka cire waƙoƙi biyu, ɗaya kan aikin soja na dole, ɗaya kan ɗan sanda azzalumi, aka kuma sassauta baitocin wasu. Ya kamata a lura cewa ba sojoji ke mulki a lokacin ba. Gwamnatin farar hula ce ta Isabel Perón, amma gungun 'yan ina-da-kisa na Triple A, wanda ministanta José López Rega ya assasa, yana kashe mutane a sarari, kuma furodusan faifan da kansa ya ja kunnen yaran. Tsoro ya riga doka isa sitidiyo. Ranar 5 ga Satumba 1975 Sui Generis ta yi bankwana a zauren Luna Park, wasa biyu a dare ɗaya, mutane sama da 25,000. Wata shida da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 24 ga Maris 1976, Janar Jorge Rafael Videla da abokansa suka yi juyin mulki.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ana ɗauke mutum daga gida ko daga wurin aiki, a nema a rasa. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojoji ta tattara sunaye kusan 9,000 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna ƙiyasta 30,000. Akwai jerin waƙoƙin da aka hana gidajen rediyo sawa. Mercedes Sosa, uwar mawaƙan gargajiyar ƙasar, a kan dandamali aka kama ta tare da masu kallonta a La Plata, daga baya ta yi gudun hijira. Litto Nebbia na Los Gatos ya tafi Meziko. Charly ya ɗan fake a Búzios ta Brazil a 1978, ya dawo da sabuwar ƙungiya, Serú Girán, shi da David Lebón da Pedro Aznar da Oscar Moro. Wasansu na farko a zauren Obras bai karɓu ba. Shekara biyu bayan haka, a Disamba 1980, sun tara mutane wajen 60,000 a wasan kyauta a filin La Rural.

A nan ne habaici ya zama sana'a. Misali mafi kyau shi ne waƙar Alicia da ke faifan Bicicleta na 1980. Charly ya ari tatsuniyar yarinyar nan Alice ta marubucin Ingila Lewis Carroll, wadda ta faɗa wata ƙasa da komai ke tafiya a birkice. A fuska, waƙar yara ce: ga kunkuru, ga wata dabbar teku mai haure da gashin baki, ga matsafa, ga sarkin kati. Amma duk ɗan Ajantina ya san masu zanen barkwanci sun daɗe suna zana tsohon shugaba Arturo Illia a siffar kunkuru saboda nawarsa, an san dabbar tekun laƙabin Onganía ce saboda gashin bakinsa, shi kuwa López Rega da Matsafi ake kiransa a bayan ido. Mawaƙin bai ambaci kowa ba. Mai sauraro ne ke ƙarasa jimlar a zuciyarsa, kuma a nan ƙarfin abin yake, kamar matar da ke daka tana waƙa a tsakar gida: ba ta kama suna ba, don haka ba a kai ta ƙara, amma kishiya ta ji, maƙwabta ma sun ji. Irin wannan waƙa tana mayar da dubban mutane abokan sirri. Idan zaure ya ɗauki tafi a daidai wani baiti, kowa ya san abin da na kusa da shi ya gane, alhali a waje ba mai iya faɗa wa wani. A ƙasar da aka hana taron siyasa da na ƙungiyoyin ƙwadago, zauren kiɗa na cikin 'yan wuraren da suka rage wa matasa su ga yawansu, ko da yake sau da yawa motocin 'yan sanda na jira a bakin ƙofa.

Sai dai a yi hattara da labarin da aka gina daga baya, wanda ke mayar da mawaƙan rok dakarun da suka tunkari sojoji. Waɗanda suka biya da rai ma'aikata ne da ɗalibai da lauyoyi da 'yan jarida irin Rodolfo Walsh, wanda aka harbe a Maris 1977 a ranar da yake rarraba buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ga gwamnatin soja. Waɗanda suka fito fili ba habaici iyaye mata ne da suka fara zagaye dandalin Plaza de Mayo a Afrilu 1977 suna tambayar inda 'ya'yansu suke. 'Yan gwagwarmayar hagu ma ba su ɗauki rok da daraja ba, suna ganinsa kayan Amurka mai shagaltar da samari. A ganina, abin da Serú Girán ta bayar inuwa ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda rana ke duka. Amma inuwa ba ta kayar da gwamnati.

Abin da ya ɗaga wannan kiɗa zuwa ƙololuwa ma daga hannun sojojin ya fito. Ranar 2 ga Afrilu 1982 shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Galtieri, ya tura dakaru tsibiran Malvinas, waɗanda Birtaniya ke kira Falkland, sai aka daina sa waƙoƙin Turanci a rediyo, tunda harshen abokan gaba ne. Masu gabatar da shirye-shirye suka waiwaya ba su da abin cike sa'o'i sai faya-fayan masu dogon gashin nan da aka daɗe ana kora. Ranar 16 ga Mayu aka shirya babban bikin kiɗa a Obras, kuɗin shiga shi ne tufafi da sigari da sauran kayan da za a aika wa sojojin da ke fama da sanyi. Spinetta ya hau, mawaƙi León Gieco ya hau, Charly ya hau. Sun ce waƙar zaman lafiya suka je yi, kuma ita suka yi. Amma ƙungiyar Virus ta ƙi zuwa, domin 'yan uwa uku na gidan Moura da ke cikinta yayansu Jorge na cikin waɗanda aka ɓatar. Har gobe ana gardama kan wanda ya yi daidai. Yaƙin ya ƙare ranar 14 ga Yuni, Ajantina ta rasa sojoji 649, yawancinsu matasa, tsaran masu sayen faya-fayan.

Charly ya amsa wannan a faifansa na farko shi kaɗai, da waƙar da ke yi wa mazauna Buenos Aires ba'a, masu kururuwar yaƙi daga gaban talabijin muddin bama-baman ba za su sauka a unguwarsu ba. A Disamba 1982, a filin wasa na Ferro, an gina siffar birnin a bayan dandamali, aka rushe ta da makamai na wasa a ƙarshen dare.

Aikin da na fi ɗauka da nauyi shi ne Clics modernos na 1983. Ya tafi New York, ya yi aiki a sitidiyon Electric Lady da injiniya Joe Blaney, ya sa na'urar buga ganga ta Roland a inda aka saba jin hannun mutum, ya gajarta waƙoƙin, ya yanke gashi. Tsofaffin masoya suka ce ya sayar da kansa. Shi kuwa ya fahimci abin da ba su so ji ba: zaɓen Oktoba 1983 da ya kawo Raúl Alfonsín zai kashe kasuwar habaici, domin wanda aka buɗe wa baki ba ya buƙatar kunkuru ya yi magana a madadinsa. Rok ɗin da ya saba zama a zauna ana sauraro da ɗaure fuska, sai ya koyi rawa ko ya tsufa. A faifan nan, dukan 'yan sanda a gidan rawa ya hau kan kiɗa mai sa ƙafa motsi, kuma a cikinsa ne "Los dinosaurios" take, wadda ta yi maganar ɓacewar mutane kusan ba lulluɓi, ta zama waƙar da ake rerawa duk ranar tunawa da juyin mulkin. Ta wannan ƙofa samari irin Soda Stereo na Gustavo Cerati suka bi, suka kai rok na Sifaniyanci Chile da Peru da Kolambiya da Meziko daga 1986, har kamfanonin da suka taɓa raina shi suka mayar da shi haja. A Oktoba 1988, da Amnesty International ta rufe zagayen kiɗanta na duniya a filin River Plate da su Sting da Bruce Springsteen da Youssou N'Dour na Senegal, Charly da León Gieco ne suka wakilci masu masauki.

'Yanci bai yi masa sauƙi ba. A 1990 ya rera taken ƙasa da salon rok, aka kai ƙara kotu wai ya wulaƙanta shi, alƙali ya bar faifan ya fita. Daga nan shaye-shaye ya yi ta cinsa, wasanni suna watsewa a tsakiya, kayan kiɗa suna farfashewa, jaridu suna cin abinci da shi. Faifan Say No More na 1996 wasu na kiransa gwaji mai zurfi. Ni dai ina jin gwani ne ke tarwatsa gininsa da gangan, wani lokaci da hikima, sau da yawa ba tare da ita ba. A 1999 ya shirya jefa mutum-mutumai daga jirage masu saukar ungulu cikin kogin La Plata yayin wani wasa, don tuna yadda sojoji suka riƙa jefa fursunoni da rai daga jirgi. Hebe de Bonafini, shugabar iyayen Plaza de Mayo, ta ce ba za a yi wasan kwaikwayo da mutuwar 'ya'yansu ba. Ya janye, iyayen suka hau dandamali tare da shi. A shekarar dai ya je fadar Olivos ya kaɗa wa Shugaba Carlos Menem piyano, mutumin da ya yi wa su Videla afuwa a 1990. Wanda ke neman tsayayyen ɗan gwagwarmaya a jikin Charly zai sha takaici. A Maris 2000 ya yi tsalle daga hawa na tara na wani otal a Mendoza ya faɗa tafkin ninƙaya, ya fito lafiya, kuma matasa da yawa a wajen Ajantina da wannan kawai suka san shi.

A 2008 jiki ya ƙi, aka kwantar da shi, tsohon mawaƙi Palito Ortega ya ɗauke shi zuwa gidan gonarsa a Luján ya yi jinya. Ya dawo dandamali a 2009, murya ta dushe, yatsu sun yi nauyi. Ya fitar da Random a 2017, sai La lógica del escorpión a 2024, inda ya haɗa muryarsa da wani tsohon naɗi na Spinetta, wanda ya rasu a 2012. Su biyun sun taɓa fara faifan haɗin gwiwa a tsakiyar shekarun 1980, suka kasa jituwa suka ajiye shi, waƙa ɗaya ce ta shahara daga cikinsa, kowannensu ya naɗe ta daban a nasa faifan.