Makaɗi marar ubangida: sharhi a kan fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai

A shekara ta 2015 aka fito da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Portland, ya shirya a Agadas tare da makaɗin gita Mdou Moctar. An gina shi bisa Purple Rain, fim ɗin da Prince ya fito a ciki a 1984. Labarin ba shi da sarƙaƙiya: saurayi yana neman suna da gitarsa a Agadas, mahaifinsa yana ganin kiɗa ba sana'ar ɗan kirki ba ce har ya ƙone gitar, wani makaɗin da ya riga shi suna ya sace mishi waƙa, daga ƙarshe a haɗu wurin gasa. Tambayar da za mu yi wa fim ɗin a wannan ƴar maƙala ɗaya ce: shin ya nuna yadda ƙungiyar makaɗa mai zaman kanta take rayuwa a ƙasar nan?

Mu fara da kalmar kanta. A Turai da Amurka, idan an ce ƙungiya «indépendant» ce, ana nufin ba ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai. A Nijar babu irin waɗannan kamfanoni, balle a ce wani ya kuɓuta daga hannunsu. Rabon da Bahaushe ya sani daban ne: akwai makaɗin fada, wanda yake da ubangida mai ci da shi da tufatar da shi, akwai kuma makaɗin jama'a, wanda abincinsa yake bakin duk wanda ya kira shi. Zamanin Seyni Kountché ya ƙara wani ubangidan, watau gwamnati, ta hanyar Samariya da bikin matasa na ƙasa. Saboda haka fassarar da ta fi kusa da gaskiya ita ce «marar ubangida», kuma a kunnen Bahaushe wannan ba kirari ba ne. Wanda ba shi da ubangida, idan ya kwanta ciwo ko kayansa suka lalace, ba shi da ƙofar da zai je ya durƙusa.

Inda fim ɗin ya yi gaskiya shi ne wajen wayar salula. Satar waƙar da aka nuna ba ta bi ta wani ofishi ba: an ɗauki waƙar a waya, ta faɗa hannun abokin hamayya. Wannan rayuwar Mdou Moctar ce da kanta. Ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da irin gyaran muryar nan na na'ura da waƙoƙin finafinan Hausa suka yi tashe da shi. Ba kanti ne ya yaɗa waƙoƙin ba; daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da katin memwar har suka kai arewacin Mali, inda Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga cigiyar mai ita. Hanyar da ta sa aka san makaɗi ita ce kuma ta hana shi ganin ko dala ɗaya daga waƙarsa. Hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tana nan a Yamai, amma ba ta da ƙofar shiga tsakanin wayoyi biyu da aka haɗa a gindin shayi. Fim ɗin ya gane haka, bai kuma yi wa'azi a kai ba.

Inda ya gaza kuwa, gadon Hollywood ne ya ja shi. Labarin gwarzo ɗaya ne bisa moto, abokan kiɗa suna bayansa kamar ƴan rakiya. Abin mamaki, a Purple Rain ɗin ma rigimar cikin ƙungiya tana da muhimmanci, domin mata biyu da ke kiɗa tare da jarumin suna ƙorafin ya ƙi buga waƙarsu. A nan ba a tsaya kan wannan ba, alhali duk wanda ya taɓa zama kusa da ƴan gita bayan an watse daga biki ya san nan ne maganar take. Kuɗin da mai biki ya biya da na liƙi ba a raba su sai an fidda hayar ampuli da lasifika, da man janareto, da motar da ta ɗauko kaya, da tsirkiyar da ta tsinke. Wanda ya mallaki kayan yakan ɗauki kaso babba ko da ba shi ne gwanin ba, kuma mai ganga yakan zo ƙarshe. (Ga wani abin ban dariya ga masu nazarin aro: kalmar Faransanci «groupe» a bakinmu tana nufin ƙungiyar makaɗa, tana kuma nufin injin wuta. Mai biki da ya ce a kawo gurup sai an tambaye shi wanne.) Sannan ga watan azumi da bukukuwa ke ɗaukewa.

Ƙungiyoyi biyu sun isa misali. Etran de l'Aïr, wadda ƴan'uwa na gida ɗaya suka kafa a Agadas a 1995, ta fara ne da gita guda da ƙwarya kife cikin ruwa a matsayin ganga, ta kuma shekara fiye da ashirin tana buga aure da suna kafin faifanta na farko ya fita waje a 2018. A Yamai, Tal National ta Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikacin shari'a, ta tara makaɗa da yawa domin ta iya rabuwa ta buga wurare biyu a dare ɗaya, tana kuma sayar da faifanta da kanta a bakin titi. Dubarun nan na zumunta da na yawan hannu su ne suka maye gurbin ubangida. Fim ɗin kuwa ya warware matsalar jaruminsa da gasa ɗaya a dandalin Alliance française, kamar dai wanda ya ci gasa ya huta ke nan.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi shafar sashenmu. An tallata fim ɗin da cewa harshen Tamajak ba shi da kalmar launin da Faransawa ke kira «violet», shi ya sa sunansa yake nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Ƴan jaridar waje sun so wannan zance ƙwarai. Tun aikin Berlin da Kay na 1969 an san harsuna sun bambanta wajen yawan kalmomin launi na asali, kuma rashin kalma guda ba rashin gani ba ne. Mutanen da ake magana a kansu su ne masu naɗa turkuɗi, wanda ake rinawa a buga a Kura ta ƙasar Kano har ya riƙa ƙyalli da wannan launin daidai. Muna yaba wa fim ɗin da ya ba Tamajak filin da ba ta saba samu a majigi ba, sai dai Agadas ɗin da muka sani garin harsuna ne, Hausa ce harshen kasuwarsa, kuma makaɗin da ke neman abinci a can yakan yi ciniki da wani harshe ya yi waƙa da wani.

Jarumin fim ɗin ya kai inda labarin ya yi mishi fata: Matador ta fidda mishi Afrique Victime a 2021. Amma lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 yana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa biyu suka kasa komowa gida, sai masu sauraronsu ne suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu na masauki da abinci.