Allunan Tarihi a Bakin Hanya: Tsokaci Daga Dogon Dawa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba al'adar kafa alluna a bakin hanya domin tunawa da tafiye-tafiyen da wani shugaba ya yi a zamanin mulkin mallaka, da kuma auna ko ta dace da ƙasa irin ta Birnin Gwari. A Amurka, jihar Bajiniya ta fara kafa irin waɗannan alluna tun 1927, kuma a yammacin Fensilbaniya an yi wa hanyar da George Washington ya bi a 1753 alamomi. A Indiya ma an raya hanyar da Gandhi ya taka a 1930 daga Sabarmati zuwa Dandi.

Abin da Muka Adana

Mu a nan Arewa, gini muke adanawa, mu bar hanya. Gidan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da ke Kaduna ya zama Gidan Arewa a 1970. Amma rayuwarsa kafin samun mulkin kai a 1960 rayuwar matafiyi ce: daga Rabah zuwa Kwalejin Katsina, inda ya kammala a 1931, zuwa Gusau a 1938, zuwa Kaduna inda ya zama Firimiya a 1954. A bisa hanya, wajen rangadi, aka ɗinke Jihar Arewa. Ɗalibin da ya tsaya a Gidan Arewa kaɗai ya ga masauki ne, bai ga tafiya ba.

Misali mafi muni shi ne gadar Lugga. An gina ta a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka kawo Kaduna a 1954, sa'an nan aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Gada kuwa ma'anarta tana ga gaɓoɓin da ta haɗa. Da aka raba ta da wurinta sai ta koma abin kallo kurum.

Illolin Allo

Duk da haka, allo ba ya rasa aibi. Na farko, yakan ɗaukaka mutum guda ya shafe sauran. Hanyoyin zamanin Turawa talakawa ne suka share su, sau da yawa da aikin tilas, 'yan dako kuma suka ɗauki kayan masu rangadi a ka. Allon da ya ambaci mai tafiya ya manta da mai sharar hanya ya faɗi rabin gaskiya.

Na biyu, matsalar kalma. A Hausa, ya ratsa daban, ya yada zango daban, ya kwana daban. Kowane gari zai so a ce shugaba ya kwana a cikinsa, kuma abin da aka rubuta a ƙarfe yakan rinjayi abin da ke bakin dattawa. Saboda haka kada a kafa allo sai hujjar rubuce da ta baka sun gaskata juna.

Na uku, harshe. Allon da aka rubuta da Ingilishi kaɗai na baƙo ne. A ƙasar da Hausawa da Gbagyi da Kamuku da Fulani suke zaune, wajibi ne a sa boko da ajami, a kuma ba harsunan wurin haƙƙinsu.

Kammalawa

Ya kamata manazarta su tuna cewa Bahaushe yana da allunansa tun kafin zuwan fenti, wato sunayen wurare. Zango da Mararraba da Tasha duk labarin tafiya suke bayarwa, haka shi kansa sunan Dogon Dawa, wanda yake gaya wa mai bin hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari irin dajin da matafiyan dā suka keta. To, shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama a wannan yanki kafin sulhun ƙarshen 2024, kuma ƙauyen da ya tashi yakan tafi da sunansa da labarinsa. Don haka aikin da ke gaban sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu shi ne tattara sunayen zangogi da bayanan tsofaffi tun suna raye. In an yi wannan, allo zai sami abin faɗa.